Marubucin Littafin Zane da Masu Karatunsa a Kasuwar Littattafan Kano

Lacca da aka gabatar a Ƙofar Ruwa, cikin birnin Kano

Batun wannan lacca shi ne yadda marubucin littafin zane yake fito da sabon aikinsa gaban jama'a, da yadda yake saduwa da masu karanta shi, da kuma abin da hakan yake nufi ga birni irin Kano, inda aka daɗe ana rubuta littattafan hikaya ana sayarwa, amma har yanzu labari cikin zane bai kafa ƙafa sosai ba. Littafin zane, a ma'anar da za a bi a nan, shi ne littafin da ake ba da labari a cikinsa ta hanyar jeranta hotunan da aka zana, kowane hoto a ɗan akwatinsa, maganar mutanen labarin kuma tana cikin wata 'yar da'ira da ke fitowa daga bakin mai magana, sai ido ya riƙa tsallakawa daga akwati zuwa akwati, zuciya tana cike abin da ya faru a tsakani. Ya bambanta da zanen barkwanci na jarida, wanda hoto ɗaya ne mai ɗauke da zambo ko habaici kan al'amuran yau da kullum, irin wanda Mustapha Bulama ya yi suna da shi a jaridar Daily Trust, ya kuma bambanta da littafi mai hotuna irin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, inda rubutu ne yake ɗauke da labarin, hoto kuwa rakiya kawai yake yi.

Wannan irin littafi yana da wata ɗabi'a da ta sa dangantakar mai shi da masu karatu ta fi ta sauran littattafai muhimmanci, wato ana fitar da shi ne kashi-kashi, fitowa bayan fitowa, kuma idan mai karatu bai dawo neman fitowa ta biyu ba, to ta uku ba za ta ga rana ba. Saboda haka tallata sabon aiki da ganawa da masoya suna cikin jikin sana'ar, kamar yadda zanen kansa yake cikinta, kuma duk ƙasar da littafin zane ya bunƙasa a cikinta, idan aka bincika, za a tarar an gina wata hanya tabbatacciya da mai rubutu yake jin muryar mai karatu ta cikinta.

A Amurka, tun a shekarun 1960 kamfanin Marvel ya riƙa keɓe shafi a kowace fitowa domin wasiƙun masu karatu, Stan Lee kuma yana amsa musu cikin raha kamar abokan hira, har yaro a wani ƙaramin gari yakan ji cewa da shi ake yin littafin. A 1970 aka fara taron masoya littattafan zane na birnin San Diego da mutane kusan 300, taron da yau yake tara sama da mutum 130,000, inda marubuci yake zama a teburinsa yana sa hannu a littattafai, yana amsa tambayoyi, yana nuna shafukan aikin da bai fito ba tukuna. Faransa ta fara nata bikin a garin Angoulême a 1974, kuma a can ne littafin Aya de Yopougon na Marguerite Abouet, wanda ya ba da labarin 'yan matan wata unguwa a Abijan, ya ci kyauta a 2006. Sai dai misalin da ya fi kusa da halin Kano shi ne na Japan. Mujallar Shōnen Jump ta mako-mako, wadda aka kafa a 1968, takan sa katin tambayoyi a kowace fitowa domin masu karatu su zaɓi labaran da suka fi so, labarin da ya daɗe a ƙasan jeri kuwa a yanke shi ko da marubucinsa bai gama ba, kuma da wannan tsari mai tsauri ne ta kai ga buga fiye da kwafi miliyan 6 a mako a tsakiyar shekarun 1990. A gefe guda kuma akwai kasuwar Comiket ta birnin Tokyo, wadda aka fara a watan Disamba na 1975 da ƙungiyoyin marubuta 32 da mahalarta kimanin 700, inda mutum yake rubuta littafinsa, ya buga da kuɗinsa, ya kawo ya baza a tebur ya sayar hannu da hannu, ba tare da wani kamfani ya shiga tsakaninsa da mai saye ba, kuma daga baya mahalartanta suka kai dubban ɗaruruwa a zama guda.

Najeriya ma ba baƙuwar wannan fanni ba ce. Dattawan da suka yi ƙuruciya a ƙarshen shekarun 1960 za su iya tuna mujallar African Film da jaruminta Lance Spearman, wadda ko da yake da hotunan kyamara aka yi ta, tsarin jeranta akwatuna da sa magana a da'ira duk na littafin zane ne. A 1976 Wale Adenuga ya fara mujallar Ikebe Super a Legas, wadda ta haifi Papa Ajasco kafin ya koma talabijin. A wannan ƙarni kuma Ayodele Elegba ya kafa taron Lagos Comic Con a 2012, Jide Martin ya kafa kamfanin Comic Republic a 2013 yana sakin littattafansa kyauta a intanet domin ya tara masu karatu tukuna, sannan a watan Fabrairu na 2024 shirin Iwájú na kamfanin Kugali ya fito tare da haɗin gwiwar Disney. Kusan dukan wannan motsi a Legas yake, kuma da Turanci ake yin mafi yawansa.

A nan ne ya kamata a juyo Kano, domin abin da 'yan Tokyo suka shirya wa taro sau biyu a shekara, marubutan Kano sun mai da shi sana'ar kowace rana tun daga tsakiyar shekarun 1980. Lokacin da kamfanonin ɗab'i na gargajiya, irin su NNPC na Zariya wanda aka kafa a 1966, suka karkata ga littattafan makaranta saboda matsin tattalin arziki, sai matasa maza da mata suka shiga buga littattafansu da kansu a ƙananan maɗaba'o'i, suna kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari da Kurmi, daga nan dillalai su ɗauka zuwa Katsina da Sakkwato da Gusau, har Maraɗi da Damagaram. Wannan ne aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, sunan da Ibrahim Malumfashi ya yayata, aka kuma yi ta muhawara a kansa a jaridu tsakaninsa da Abdalla Uba Adamu da wasu masana a shekarun 1990. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kwikwiyo Ne a 1990, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, Ado Ahmad Gidan Dabino kuwa ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, shi da Balaraba kuma tare da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa suna cikin jiga-jigan ƙungiyar marubuta ta Raina Kama.

Abin lura ga marubucin littafin zane shi ne dabarun da waɗannan mutane suka bi. Sun raba labari zuwa littafi na ɗaya da na biyu da na uku, suna tsayawa a daidai inda zuciyar mai karatu ta rataya, ta yadda kuɗin na ɗaya ne yake buga na biyu. Sun sa adireshinsu a cikin littafi, wasiƙu suka riƙa zuwa daga gari-gari, wasu na yabo, wasu na gyara, wasu na neman shawara kan matsalar aure ko soyayya kamar marubucin ɗan'uwa ne. Sun riƙa jera sunayen littattafan abokan ƙungiyarsu a shafukan baya, kowa yana tallata na ɗan'uwansa. Masu shagunan haya kuma, waɗanda suke ba da littafi a karanta a dawo da shi kan ɗan kuɗi kaɗan, sun zama ma'aunin da ya fi kowace ƙididdiga gaskiya, domin littafin da bangonsa ya yage saboda yawan hannu, shi ne wanda ya karɓu. Wannan gado ne da Legas ba ta da irinsa a harshen gida, kuma kuskure ne babba matashin da yake son yin littafin zane a Kano ya tsallake shi ya tafi kwaikwayon tarukan San Diego da bai taɓa gani ba sai a waya.

Akwai kuma wata al'ada ta daban da ta yi ƙarfi a arewacin Najeriya, wadda ake kira ƙaddamar da littafi, kuma ita ce ta fi saurin zuwa zuciyar sabon marubuci. Tsarinta sananne ne: a kama zaure, a buga katin gayyata, a naɗa shugaban taro da uban taro da mai sharhin littafi, sannan a nemi wani mai hali ya zama babban mai ƙaddamarwa, ya tashi ya sayi kwafi kaɗan kan kuɗi mai yawa, sauran manyan baƙi su biyo baya gwargwadon ƙarfinsu. Ba laifi ba ne marubuci ya nemi abin da zai mayar da kuɗin ɗab'i, kuma mutane da yawa da wannan hanya suka fara. Amma ya kamata a kira abin da sunansa, wato taron neman gudummawa ne, kuma galibi waɗanda suka cika kujerun gaba ba za su buɗe littafin ba, alƙawarin da aka yi a gaban lasifika ma ba kullum yake cika ba. Littafin tarihin wani babban mutum yana iya rayuwa da ƙaddamarwa, tun da sau ɗaya ake buga shi. Littafin zane kuwa, wanda yake buƙatar mutum dubu su dawo wata mai zuwa kowa da ɗan kuɗinsa, ba abin da kyautar mutum ɗaya za ta yi masa illa ta ɓoye wa mai shi gaskiyar ko aikinsa ya karɓu ko bai karɓu ba.

Masu karatun da ake magana a kansu ba su da nisa da inda ake wannan zama. Ƙofar Ruwa, ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar da tarihi ya nuna Sarki Gijimasu ya fara ginawa a ƙarni na 12, yau an fi saninta da kasuwar rodi da kayan gini da kayan gyaran mota, kuma a cikinta akwai ɗimbin matasa, yaran shago da masu koyon sana'a da masu dako, waɗanda da yawansu karatun boko bai yi musu nisa ba, amma suna iya karanta Hausa, suna da waya a hannu, suna kallon finafinan Indiya da aka fassara, suna kuma sauraren littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da ake karantawa a YouTube. Mutumin da shafi cike da rubutu yake gajiyarwa, shafi mai akwati shida da 'yan jimloli ba zai gajiyar da shi ba, Bahaushe kuma ya riga ya ce gani ya kori ji. Irin waɗannan ba sa zuwa zauren ƙaddamarwa, ba a ma gayyatarsu. Inda za a same su shi ne teburin mai shayi bayan la'asar, da majalisar ƙofar gida bayan isha'i, da gidan kallon ƙwallo, kuma marubucin da ya zauna a can da kwafi ashirin, ya bari aka buɗe aka duba, zai ji maganar da babu mai sharhin da zai gaya masa, kamar a ce wannan rawani ba haka ake naɗa shi ba, ko a ce ɗan dambe ba ya tsayuwa haka, ko kuwa a tambaye shi yaushe na biyu zai fito, wadda ita ce tambayar da ta fi kowane yabo daraja. Duk ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa ya san cewa wanda ya sayi rodi guda ya dawo gobe ya fi wanda ya sayi mota guda bai sake waiwayowa ba, kuma haka lissafin littafin zane yake.

Sai dai rabin masu karatu, watakila ma fiye da rabi, ba a majalisa suke ba. Mata ne ƙashin bayan kasuwar littattafan Kano, su ne mafi yawan masu karatu, kuma da yawa daga cikin marubutan da suka fi ciniki, irin su Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mata ne. Matar aure a cikin birni takan aiki yaro ne ya karɓo mata littafi, don haka ganawa da ita tana bi ta wasu hanyoyi: shirin rediyo da ake buga waya, ziyarar makarantun 'yan mata da izinin hukumarsu, da zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, inda marubuta mata suka daɗe suna sakin labari shafi-shafi, masu karatu suna sharhi nan take, wasu kuma suna biyan kuɗi kafin a sa su a zauren da ake ci gaba da labarin. Wannan ma yana da nasa haɗari, domin shafin da aka saya da dare yakan wayi gari a zauruka goma kyauta, kuma dandalin da ake dogara da shi yana iya rufewa, kamar yadda OkadaBooks ya rufe a ƙarshen 2023 bayan shekara goma yana aiki. Abin da yake tabbatacce ga marubuci shi ne sanin masu karatunsa kai tsaye, ta yadda idan wata ƙofa ta rufe zai iya kiransu ta wata.

Maganar kuɗi ba ta buƙatar dogon bayani. Takarda daga waje ake shigo da mafi yawanta tun da masana'antun Jebba da Iwopin da Oku Iboku suka durƙushe, farashinta kuma ya ƙara tashi bayan sakin darajar naira a watan Yuni na 2023, buga shafi mai launi kuwa yana buƙatar faranti huɗu a maimakon ɗaya. Mafi yawan littattafan zane na Japan baƙi da fari ne a kan takarda mai araha, kuma hakan bai hana su cin duniya ba.

Abin da ya fi buƙatar tsayawa shi ne haƙƙin mai zane. Sau da yawa mutum biyu ne suke yin littafin, ɗaya ya tsara labari da magana, ɗaya ya zana, kuma shafin da marubuci ya rubuta cikin ɗan lokaci yana iya cin yini guda ko fiye a hannun mai zane. Tarihin wannan sana'a cike yake da zalunci a wannan gaɓa. Jerry Siegel da Joe Shuster sun sayar da haƙƙin Superman a 1938 kan dala 130, suka tsufa cikin talauci alhali kamfani yana kwasar miliyoyi, Bill Finger kuwa, wanda ya yi babban aiki wajen ƙirƙirar Batman, sai a 2015 aka fara sa sunansa tare da na Bob Kane, shekaru da dama bayan rasuwarsa. A Kano ma an saba ganin mai zanen bangon littafi an biya shi sau ɗaya an manta da shi, kamar yadda ba a cika sanin sunan mai zanen bayan babbar mota ko mai zayyanar allo ba, duk da cewa aikinsu ne ido yake fara sauka a kai. Idan za a zauna ganawa da masoya, kujera biyu ya kamata a ajiye, suna biyu a kan bango, da yarjejeniya a rubuce tun kafin a zana shafin farko, domin jayayya kan riba ba ta tasowa sai littafi ya karɓu, a lokacin kuwa kowa yana tuna alƙawarin baki yadda ya fi masa daɗi.

Akwai tambayar da marubucin Kano zai gamu da ita wadda takwaransa na Legas ba lalle ya gamu da ita ba, wato hukuncin zana abu mai rai. Hadisan da suka zo kan masu yin sura sanannu ne, malamai kuma sun yi saɓani wajen fahimtar iyakarsu, wasu sun tsananta, wasu sun yi rangwame ga abin da ba shi da jiki ko wanda aka yi domin koyar da yara. Ba aikin marubuci ba ne ya yi fatawa, amma aikinsa ne ya nemi sani a wurin malamai kafin a tambaye shi a bainar jama'a, ya kuma san abin da ba a taɓawa ko kusa, kamar zana Annabawa da Sahabbai. Abin da ya sami Naif Al-Mutawa na ƙasar Kuwait ya isa izina, domin a 2006 ya fitar da The 99, jaruman da ya danganta siffofinsu da kyawawan sunayen Allah, da niyyar ba yaran Musulmi abin koyi, amma a 2014 malaman Saudiyya suka ba da fatawar haramta shi. A gida kuma, Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, hurumin aikinta ya haɗa da littattafai, kuma marubuta ba su manta da 2007 ba, shekarar da aka ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, aka kuma matsa musu kan rajista daga baya. Hoto ya fi rubutu saurin jawo ido da saurin jawo hukunci, domin wanda bai karanta littafi ba ma yana iya ganin bango ya yanke magana, saboda haka shigar da aka yi wa mutanen labari da yadda aka zana su suna cikin abin da za a auna tun farko.

Kayan labari kuwa ba su yi ƙaranci ba. Ga Bayajida da rijiyar Kusugu, ga Barbushe a kan dutsen Dala wanda ake hangowa daga wannan unguwa, ga Muhammadu Rumfa da kafa kasuwar Kurmi, ga Gizo da Ƙoƙi, ga Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, waɗanda kamar domin zane aka rubuta su, in an nemi izinin masu haƙƙinsu. Abin da ya kamata ya taɓa zuciyar marubutan wannan birni shi ne cewa littafin zanen da ya fi shahara cikin waɗanda suka ɗauko haske daga Sarauniya Amina ta Zazzau, wato Malika, wanda ya fito a 2017, Roye Okupe ne ya rubuta shi, haifaffen Legas mazaunin Amurka, kuma da Turanci. Ya yi abin yabo, babu mai tuhumarsa, amma yarinyar da take zaune a Dala ko Gwale ba ta da hanyar karanta shi da harshenta, kuma ba Okupe ne zai cike wannan gurbi ba.

Wuraren haɗuwa sun fara samuwa, tun daga bikin littattafai na Kaduna da aka fara a 2017, zuwa bikin littattafai da fasahar Hausa na ƙasa da ƙasa da Sada Malumfashi ya assasa a 2021, ga kuma zaman karatu da reshen Kano na Ƙungiyar Marubutan Najeriya yake yi. Ana kira ga masu shirya irin waɗannan taruka da su keɓe tebur ga masu littafin zane, ga shugabannin makarantu da su buɗe musu ƙofa, ga marubuta da masu zane kuma da su fara da ƙaramin littafi baƙi da fari mai farashin da yaron shago zai iya biya, su sa lambar da za a same su a shafin ƙarshe, su kawo shi kasuwa da hannunsu, kuma kada su sanar da ranar fitowar na biyu sai sun tabbata za su cika.